Laura Serrano, Lauyar da Doka ta Hana Dambe a Garinsu

Ranar 7 ga Maris, 1998, an shirya gagarumin dambe a filin wasan bijimai na birnin Meksiko, filin da babu irinsa girma a duniya. Julio César Chávez ne zai kara da Miguel Ángel González, kuma Don King, attajirin nan mai tsayayyen gashi, shi ne mai wasan. Cikin wasannin sharar fage har da na mata. Ɗaya daga cikin matan 'yar gari ce, Laura Serrano, wadda ta ci kambun duniya tun shekara uku kafin nan, amma mutanen garinsu ba su taɓa ganin ta a dandali a wasan kuɗi ba. Ana dab da ranar, sai hukumomin birnin suka lalubo wata tsohuwar doka ta shekarun 1940, suka kakkaɓe mata ƙura, suka ce mace ba ta dambe a nan. Aka soke wasan matan. Chávez da González suka yi turminsu 12, alƙalai suka ce canjaras, kowa ya kama gabansa.

Sai mutum ya san matsayin dambe a Meksiko kafin ya gane zafin wannan hani. In ka cire ƙwallon ƙafa, babu wasan da ya kama zuciyar mutanen ƙasar kamarsa. Unguwannin talakawa irin su Tepito sun daɗe suna fitar da zakaru, kuma yaron da ya tashi ba gata ya san cewa hannunsa na iya fitar da gidansu daga haya. Raúl Macías, Rubén Olivares, Salvador Sánchez, waɗannan sunaye ne da tsoho da yaro suka sani. A watan Fabrairun 1993 sama da mutum 132,000 suka cika filin Azteca don su ga Chávez ya lallasa Ba'amurke Greg Haugen. Hukumar WBC, mai koren kambun nan da kowane ɗan dambe ke mafarki, a birnin aka kafa ta a 1963, kuma a can hedikwatarta take. Wato a gidan dambe aka ce wa Laura ba ta da wurin tsayawa.

Ba wai matan ƙasar ba su taɓa yi ba ne. Tun shekarun 1930 akwai wata Margarita Montes a Mazatlán, a gaɓar tekun yamma, wadda ake kira La Maya, ta dambata da mata, ta dambata da maza. Daga baya ne masu mulkin babban birni suka ga abin bai dace da tarbiyya ba. Ba dambe kaɗai suka taɓa ba, har kokawar nan ta masu rufe fuska an hana mata yin ta a birnin tun shekarun 1950, ba su dawo ba sai 1986. Mata sun samu 'yancin jefa ƙuri'a a 1953. A ƙarshen 1974 an gyara sashe na 4 na tsarin mulki, aka rubuta cewa mace da namiji daidai suke a gaban doka. Duk wannan ya wuce ta kan dokar damben ba tare da ya taɓa ta ba, don babu wadda ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar da ƙarfin da za a tuna da ita.

An haifi Laura Serrano a birnin Meksiko ranar 20 ga Oktoba, 1967. Karatun lauya ta yi a babbar jami'ar ƙasa, UNAM, kuma a ɗakin motsa jiki na jami'ar ta fara dukan buhu. Wannan kaɗai ya bambanta ta da yawancin 'yan damben ƙasarta, waɗanda yunwa ce ke tura su. Ita tana da hanyar abinci a gabanta. Tana rubuta waƙoƙi ma, har aka yi mata laƙabi da mawaƙiyar dandali. Mata masu dambe ba su da yawa a lokacin, saboda haka da maza take gwada hannu wurin atisaye. Wanda ya san gidan atisaye ya san abin da wannan ke nufi: wani zai tausaya maka har ya cuce ka, don ba ka koyi komai ba, wani kuma zai ɗauke ka da zafi don ka gane ba wurinka ba ne. Ta jure.

Da yake gida ba hanya, sai ta tsallaka Amurka. Yadda ta shiga sana'ar ya isa ya nuna maka irin kallon da masu shirya wasa ke yi wa baƙuwa. Ranar 7 ga Mayu, 1994, a otal ɗin MGM Grand da ke Las Vegas, Don King ya haɗa wani dare na ramuwar gayya. A daren ne Chávez ya ƙwato kambunsa daga hannun Frankie Randall, a daren ne kuma Azumah Nelson na Gana ya rasa nasa a hannun Jesse James Leija. Can ƙasan jerin wasannin aka sa Laura, mai shekara 26, wadda ba ta taɓa wasan kuɗi ko ɗaya ba, ta fuskanci Christy Martin. Ita kuwa Christy ta yi wasa sama da 20, tana kwantar da mata da naushi, kuma ita ce 'yar lelen Don King. Ba a kawo sabuwa gaban irin wannan don ta ci. Ana kawo ta ne don ta faɗi da kyau, 'yan kallo su yi ihu, tauraruwa ta ƙara haske.

Laura ba ta faɗi ba. Turmi 6 suka yi, ta tsaya ƙafa da ƙafa, alƙalai suka ce canjaras. Da yawa daga cikin waɗanda suka kalli wasan sun tafi da yaƙinin cewa baƙuwar ce ta ci. A ganina, in sabuwa ta yi kunnen doki da 'yar gidan mai wasa, a wasan mai wasa, ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a san inda nasara ta karkata.

Wasanta na biyu ya zo a watan Afrilun 1995, a Las Vegas ɗin dai, kuma na kambun duniya ne na hukumar WIBF, ajin kilo 61. Abokiyar karawarta Deirdre Gogarty ce, 'yar Ailan, wadda ita ma ta baro ƙasarsu ne saboda can ma ba a ba mace damar damben kuɗi ba. Ka ga mata biyu, kowacce an kore ta daga gida da doka, sun haɗu a hamadar Nevada suna dukan juna. An tsayar da wasan a turmi na 7, Laura ta ɗaga kambu. Ita ce mace ta farko daga Meksiko da ta zama zakarar duniya a dambe, kuma a wasanta na biyu.

Nan ne labarin ya fi ba ni takaici. Ranar 16 ga Maris, 1996, a daren da Mike Tyson ya sake karawa da Frank Bruno, an sa Christy Martin da Deirdre Gogarty su share fage. Wasan ya yi zafi, hancin Christy ya fashe, jini ya jiƙa mata riga, miliyoyin mutane suka gani a talabijin. Tyson ya gama da Bruno a turmi na 3, washegari kuma zancen matan ake yi. Bayan wata guda hoton Christy ya hau bangon mujallar Sports Illustrated. Har gobe in ana ba da tarihin damben mata, daga wannan dare ake cewa duniya ta farka. To amma dubi waɗanda suka yi wasan: ɗaya Laura ta yi canjaras da ita tana sabuwa ful, ɗayar kuma Laura ta tsayar da ita. Wadda ta fi cancanta a nuna wa duniya ba ta cikin hoton. Ba ta da babban ubangida a Amurka, ba ta kuma da gidan da zai cika mata fili ya tilasta wa masu talabijin su neme ta. Ɗan dambe da mutanen garinsu yake cin kasuwa. Chávez ya zama Chávez ne domin duk inda ya je 'yan Meksiko na bin sa da tuta. Dokar ba ta hana Laura dambe ba, tana yi a waje, amma ta raba ta da jama'ar da za su yi mata wannan rakiya.

Saboda haka lokacin da aka soke wasanta na 1998, ba dare ɗaya ta rasa ba. Ta rasa damar farko, wataƙila mafi girma, ta tsayawa gaban dubban 'yan garinsu a daren Chávez. Sai ta koma ga ɗaya sana'ar tata. Hujjarta ba ta da sarƙaƙiya: tsarin mulki ya ce mace da namiji daidai suke, sashe na 5 kuma ya ce ba a hana mutum sana'ar da ya zaɓa muddin halastacciya ce, to ta yaya ƙa'idar hukumar wasa ta birni ɗaya za ta fi tsarin mulkin ƙasa? Ta bi hukumomi, ta bi 'yan majalisa, ta yi magana da 'yan jarida. Lokacin ma ya taimaka mata. A 1997 ne mutanen birnin suka fara zaɓen shugabansu da kansu, Cuauhtémoc Cárdenas ya ci, bayan shekaru da dama shugaban ƙasa ne ke naɗa musu. Sabuwar gwamnatin da ke kirarin canji ba za ta ji daɗin a ce ita ce ke riƙe da dokar kakanni ba. A Ingila ma a wannan shekara ta 1998 Jane Couch ta kai hukumar damben Birtaniya ƙara kan hana ta lasisi, ta kuma yi nasara. Kafin tsakiyar 1999 an buɗe wa mata dandali a birnin Meksiko.

Na san cikin masu karatu akwai wanda zai ce to me ya kai mace dambe tun farko. Ban raina wannan tambaya ba. Mu ma a damben gargajiyarmu ba mu saba ganin mace ta ɗaure hannu ba, kuma ba zan ɓoye ba, ganin fuskar mutum ta kumbura har ido ya rufe ba ya yi mini daɗi, ta mace ce ko ta namiji. Uba na iya hana 'yarsa, wannan maganar gida ce. Amma hukumar da ke karɓar haraji daga damben maza, manyanta na zama a kujerun gaba suna tafi in an fasa wa yaro baki, ba ta da bakin cewa tausayi ne ya sa ta hana mata. In dambe ɓarna ne, ɓarna ne ga kowa.

Ranar 3 ga Yuli, 1999, a zauren Arena México, aka yi wasan da tarihi ya riƙe a matsayin farkon damben mata na kuɗi da izinin hukuma a birnin. Ba Laura ba ce a ciki. Wasu 'yan mata biyu ne masu shekara 19, Ana María Torres daga Nezahualcóyotl, wani makeken gari na talakawa a gefen babban birni, da Mariana Juárez, haifaffiyar Tlaxcala. Turmi 4 suka yi, Ana María ta ci da maki, alƙalai ma ba su haɗu a kan hukuncin ba. Laura na da shekara 31 a lokacin. A dambe wannan ba tsufa ba ne tukuna, amma rana ta fara karkata.

Abin mamaki, matan uku da suka ci moriyar wannan ƙofa fiye da kowa duk a 1980 aka haife su. Ta ukun ita ce Jackie Nava ta Tijuana, a kan iyakar Amurka, wadda ta fito daga karate da damben hannu da ƙafa, ta kuma karanci zanen gine-gine. Shugaban WBC na lokacin, José Sulaimán, ya ɗauki lokaci kafin ya yarda hukumarsa ta sa hannu a damben mata. Da ya yarda, Jackie ce ta fara ɗaura koren kambun: ranar 30 ga Mayu, 2005, a Tijuana, ta doke Leona Brown ta Amurka a ajin kilo 55. Mace ta farko ke nan a duniya da ta riƙe kambun WBC.

Ana María Torres ita ce na fi jin daɗin labarinta cikin ukun, don ba ta da ado, gaba kawai take yi. Ana ce mata La Guerrera, mayaƙiya. Neman kambu ya kai ta har Koriya ta Arewa sau biyu, a 2006 da 2007, ƙasar da ko ɗan jarida ke shan wahalar shiga, ta fuskanci 'yan gida a gaban 'yan gida, aka ce ta faɗi duka biyun. A duk rayuwarta ta dambe sau 3 kacal aka ɗaga hannun wata a kanta, biyu daga ciki a can ne. Ta dawo ta riƙe kambun WBC na ajin kilo 52 shekara da shekaru. A 2011 aka haɗa ta da Jackie Nava sau biyu. Na farko a watan Afrilu a jihar Veracruz, aka tashi canjaras. Na biyu a ƙarshen Yuli a Tuxtla Gutiérrez, jihar Chiapas, Ana María ta ci. Waɗannan wasanni ba sharar fage ba ne, su ne babban wasan dare, kuma an nuna su kyauta a talabijin. A shekarun nan manyan tashoshin ƙasar biyu, Televisa da TV Azteca, na gasar nuna dambe duk daren Asabar, sun kuma gano cewa mutane ba sa canja tasha in mata sun hau. Shekara 12 kacal tsakanin wannan da ranar da aka ba su izini.

Mariana Juárez, wadda ta faɗi a wasan farko, ita ta fi su daɗewa. Ta ci kambun WBC na ajin kilo 51 a 2011 daga hannun Simona Galassi ta Italiya. Ranar 1 ga Afrilu, 2017, aka kafa dandali a Zócalo, babban filin tsakiyar birnin Meksiko, gaban fadar gwamnati da babbar majami'a, ta karɓe kambun ajin kilo 53 daga Catherine Phiri ta Zambiya. Phiri kuwa a Meksikon ta ci kambun a shekarar da ta gabata, daga hannun Yazmín Rivas. Gwamnatin birnin da ta soke wasan mata a 1998, ita ce ta ba da filinta mafi daraja mace ta yi dambe a ciki. Jackie Nava kuma ta shiga majalisar wakilai ta tarayya daga 2015 zuwa 2018 a jam'iyyar PAN, ta dawo ta doke Mariana a Tijuana a watan Oktoban 2021, dukansu sun haura 40, sannan ta ajiye safa a 2022.

Kada wannan ya sa a zaci komai ya daidaita. Manyan zakarun matan nan sun sha faɗa a fili cewa abin da ake biyan su bai kama ƙafar na namiji mai irin kambunsu ba, ko da su suka cika zauren. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Akwai kuma maganar lokaci. WBC ta tsaya a kan cewa turmin mata minti 2 ne, wasan kambu kuma turmi 10, alhali maza na yin minti 3 sau 12. Minti 20 ke nan a gefe ɗaya, 36 a ɗayan. Hukumar ta ce kare lafiya ne, don a ganinta mata sun fi saurin samun rauni a ƙwaƙwalwa. Wasu 'yan damben na cewa gajeren turmi na rage musu damar kwantar da abokiyar karawa, ya kuma ba masu shirya wasa hujjar rage kuɗi. Amanda Serrano ta Puerto Rico, wadda suna kawai ya haɗa ta da Laura, ta ajiye kambun WBC a ƙarshen 2023 saboda wannan. A nan ban da tabbacin hukumar ta yi kuskure gaba ɗaya, kuma dalilina wata yarinya ce.

Jeanette Zacarías Zapata 'yar Aguascalientes ce, shekararta 18. A watan Mayun 2021 an yi mata mummunan bugu a wani wasa a Meksiko. Ranar 28 ga Agusta aka kai ta Montreal ta Kanada ta kara da 'yar gida. A ƙarshen turmi na 4 ta sha naushi, jikinta ya kama karkarwa, aka fitar da ita a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Ta rasu ranar 2 ga Satumba. Wannan ma yana cikin tarihin sana'ar. Meksiko ta daɗe tana fitar da samari matalauta waje don su zama tsanin da zakarun wasu ƙasashe ke takawa, yanzu kuma har da 'yan mata. Gurbin da aka kai Laura ta cike a Las Vegas a 1994 shi ne aka kai Jeanette ta cike a Montreal. Bambancin shi ne Laura babba ce mai shekara 26 da ilimin lauya, ta san abin da take sa wa hannu. Ba tsawon turmi ne ya kashe Jeanette ba, minti 2 take yi. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wa ya duba ta, wa ya ba ta izinin hawa bayan wata uku, wa kuma ya karɓi kamasho. Hukumomin da suka yi shekara 50 suna hana mata da sunan kariya, a nan ne ake buƙatar kariyar tasu.

Ita Laura ta ci gaba da dambe, yawanci a Amurka, tana karawa da manyan zamaninta. A 2007, tana da shekara 40, ta je Jamus neman kambu a hannun Ina Menzer, ta faɗi da maki. Ta daina a 2012. Lissafinta wasa 25 ne cikin shekara 18: ta ci 17, an ci ta 5, canjaras 3. Mariana Juárez, wadda ta samu gida a buɗe tun tana 19, ta yi sama da 60. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ita ce kuɗin da Laura ta biya.

A 2023 aka shigar da ita zauren karrama gwarzayen dambe na duniya da ke Canastota, jihar New York, inda sunayen Olivares da Sánchez da Chávez suke. Christy Martin ta riga ta shiga tun rukunin 2020. A 2024 aka shigar da Ana María Torres, a rukuni ɗaya da Jane Couch ta Ingila.